CMUdict da Internet Anagram Server: gwajin ƙirga gaɓa da juya haruffan Ingilishi

Ɗauki haruffa biyar ɗin nan: A, D, E, I, S. A Ingilishi za su ba ka *aides*, su ba ka *aside*, su ba ka *ideas*. Ba a ƙara harafi ba, ba a rage ba, amma ta farko gaɓa ɗaya ce a baki, ta biyu gaɓa biyu, ta uku gaɓa uku. Da kalmomin nan uku ya kamata a fara gwada duk wata manhaja ko shafin intanet da ke iƙirarin ƙirga gaɓoɓin Ingilishi, domin a nan masu lissafi daga rubutu suke tuntuɓe.

Kalmomin da suka yi tarayya a haruffa haka, sai dai jerin ya bambanta, su ake kira anagiram. Muna da irinsu a Hausa: gari da riga, ɗaki da kiɗa. Bambancin shi ne rubutunmu yana bin furucinmu sau da ƙafa, don haka in ka ƙirga wasula, ka ɗauki ai da au a matsayin ɗaya, ka samu gaɓoɓinka. Ingilishi ba haka yake ba. Nemo anagiram aikin ido ne, kwamfuta kuwa ba ta kuskure a kansa muddin jerin kalmominta mai kyau ne. Ƙirga gaɓa aikin kunne ne, kuma harafin Ingilishi shaida ne marar tabbas a kan abin da kunne zai ji. Kayan aiki biyu da ake bita a nan, dukansu kyauta, kowanne ya ƙware a ɓangare ɗaya: ƙamus ɗin furuci na Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka, wanda aka fi sani da CMUdict, da kuma Internet Anagram Server na shafin Wordsmith.org.

Dalilin da ƙirga wasula ke ɓatar da mutum

Hanyar da ƙananan manhajoji da yawa ke bi ita ce: a ƙirga rukunin wasulan da ke manne da juna a matsayin gaɓa ɗaya, a rage ɗaya in kalma ta ƙare da E, a mayar da shi in ƙarshen baƙi ne da LE kamar a *table*. Gwada ta a kan kalmominmu uku. *Aside* tana da A, I, E, a cire E ta ƙarshe, saura biyu, daidai. *Ideas* tana da I da EA, biyu, kuskure. *Aides* tana da AI da E, kuma da S ta ƙare, don haka dokar cire E ba ta taɓa ta ba, biyu, wani kuskuren. Amsa ɗaya ga kalmomi uku da ba su da tsawo ɗaya.

Kurakuran suna da gidajensu. E ta ƙarshe shiru take a *make*, amma ana furta ta a *recipe* da *catastrophe*. Ɗafa-ƙeyar ED ba ta ƙara gaɓa a *walked* da *baked*, tana ƙarawa bayan T ko D kamar a *wanted* da *needed*, sannan ga *naked* da *wicked* da suka karya wannan dokar ma. ES ba ta ƙara komai a *makes*, tana ƙarawa a *boxes* da *faces*. EA gaɓa ɗaya ce a *great*, a *create* kuwa rabuwa take yi. *Rhythm* da *prism* suna da gaɓa ta biyu da babu wasalin da ya nuna ta a rubuce. *Business*, *Wednesday* da *colonel* kowacce gaɓa biyu ce duk da tarin wasulansu. Duk facin da aka yi wa dokar, wata kalmar za ta ɓulle ta gefe.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan yaudara, wato amfani da tsarin yanka kalma da karan ɗori a ƙarshen layi, irin wanda Frank Liang ya tsara wa TeX, manhajar tsara shafukan ɗab'i, a 1983. An yi shi ne don kyan shafi, shi ya sa a Ingilishi ba ya barin harafi ɗaya tilo a farkon kalma. Saboda haka *aside* da *about* ba su da wurin yanka bayan A, sai mai ƙirga da wannan hanya ya ba su gaɓa ɗaya.

Yadda CMUdict yake

Fayil ne na rubutu zalla, 'yan megabait kaɗan. Ya fara fitowa a 1993, sigar 0.7b kuma, wadda aka fi amfani da ita, ta fito a 2014 da kalmomi sama da 134,000. Ba don mawaƙa ko malaman makaranta aka yi shi ba, an yi shi ne don manhajojin da ke gane magana da masu karanta rubutu da murya. Wannan asalin shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma tushen yawancin matsalolinsa. Lasisinsa ya halatta amfani da shi a bincike da kasuwanci.

Kowane layi kalma ce da furucinta, a rubuce da alamomin ARPAbet, tsarin rubuta sautukan Ingilishi da haruffan boko na yau da kullum: sautuka 39, wasula 15 da baƙaƙe 24. Kowane wasali yana ɗauke da lamba a wutsiyarsa: 1 ga gaɓar da murya ta fi dannawa, 2 ga mai bi mata, 0 ga wadda ba a danna ba. Baƙaƙe ba su da lamba. Ƙirga gaɓa kenan ya koma ƙirga lambobi. *Aides* EY1 D Z ce, lamba ɗaya. *Aside* AH0 S AY1 D, biyu. *Ideas* AY0 D IY1 AH0 Z, uku. Tagwan wasali kamar AY da OY alama ɗaya ce, don haka ba ya kumbura lissafi. Gaɓar da L ko M ke riƙewa ita kaɗai an saka mata ɗan gajeren wasali AH0, shi ya sa *bottle* da *rhythm* ke fitowa biyu-biyu yadda ya kamata. Wannan tsari mai sauƙi shi ne abin da ya fi cancantar yabo a ƙamus ɗin gaba ɗaya.

Mai neman kalma ɗaya ko biyu zai iya amfani da akwatin bincike na shafin jami'ar. Sai dai a tabbata an danna zaɓin nuna lambobin ƙarfin murya, in ba haka ba furucin zai fito babu lambobi, sai an koma tantance wasula da ido. Mai aiki da Python, harshen rubuta manhaja, yana da hanyoyi biyu gajeru: ƙamus ɗin yana cikin tarin bayanan NLTK, kunshin kayan sarrafa harshe na Python, akwai kuma ƙaramin kunshi mai suna pronouncing da ke da umarnin ƙirga gaɓa a shirye.

Ga mai koyon Ingilishi da kunnen Hausa, amfanin ya wuce lissafi. Harshenmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe a gaɓa ɗaya, sai mu cusa wasali a tsakani ko a ƙarshe. Haka *brake* mai gaɓa ɗaya ta zama burki, *bench* ta zama benci, *cement* mai biyu ta zama siminti, *steering* mai biyu ta zama sitiyari. Wannan daidai ne a Hausa, amma kunnen da ya saba da shi yakan ƙara gaɓa a inda Bature bai sa ba. Ganin *strengths*, haruffa tara, da lamba ɗaya tak a layinta yana gyara wannan fiye da dogon bayani.

Inda yake gazawa

Matsala ta farko ba laifin ƙamus ba ce, halin harshen ne, amma duk mai amfani da shi zai ci karo da ita. Kalmomi da yawa suna da furuci fiye da ɗaya, kuma adadin gaɓa yana canzawa da su. *Fire* ta zo a matsayin F AY1 ER0 da kuma F AY1 R, wato biyu ko ɗaya. Haka *hour*. *Family*, *every* da *camera* uku ko biyu. *Interesting* huɗu ko uku. A sigar 0.7b furuci na biyu yana zuwa a layi na dabam da lamba a cikin baka biyu a jikin kalmar. Ƙamus ɗin bai faɗi wanne ya fi yawa a bakin mutane ba, kuma kuskure ne a ɗauka cewa na farko shi ne gama-gari. Abin da ya fi dacewa shi ne a adana lambobi biyu ga kowace kalma, mafi ƙanƙanta da mafi girma. Mai rubuta waƙa, ko haiku, gajeruwar waƙar Japan mai tsarin gaɓoɓi 5-7-5, ya duba duk kalmar da lambobinta biyu suka saɓa, ya yanke hukunci da kunnensa ko ya sauya kalmar. Mai auna dogon rubutu ya zaɓi ƙa'ida ɗaya ya tsaya a kanta daga farko har ƙarshe.

Ta biyu ta fi cizo: ba ya nuna ajin kalma. *Learned* gaɓa ɗaya ce in aikatau ce, biyu in sifa ce ta mai ilimi. Haka *blessed* da *aged*. Duk furucin biyu suna ciki, amma babu alamar da ta ce wanne na wane muhalli ne. Manhajar da ba ta duba jimla ba za ta yi caca ne kawai.

Ta uku, lafazin Arewacin Amurka ne. *Secretary* da *military* huɗu-huɗu suke a ciki, alhali a Ingila an fi haɗiye gaɓa ɗaya a ce uku. *Medicine* uku ce a Amurka, da yawa a Ingila biyu suke furtawa. Wanda jarrabawarsa ko masu sauraronsa ke bin lafazin Ingila ya haɗa da ƙamus irin na Oxford, Cambridge ko Longman a kan kalmomi masu ƙarewa da ARY, ORY da ERY musamman.

Sannan yana ba da adadin gaɓa amma ba ya nuna iyakarta. Zai ce *extra* biyu ce, ba zai ce a ina ta farko ta tsaya ba. Malamin da ke son nuna wa ɗalibai rabon kalma gaɓa-gaɓa ba zai samu biyan buƙata a nan ba.

Kalmar da babu ita a ciki kuwa, ba ya kintace, shiru zai yi. Sababbin kalmomin fasaha, sunayen da ba a saba da su a Amurka ba, da alƙaluma irin 1999, duk sai an tanadar musu wata hanya. A mayar da alƙaluma kalmomi kafin a fara, a raba kalmomi masu karan ɗori gida-gida a ƙirga kowanne, abin da ya rage a bar wa dokar wasula amma a yi masa alama cewa kintace ne. Haɗarin shi ne manhaja ta ba wa kalmar da ba ta samu ba sifili ta wuce. Ga masu auna sauƙin karatu da ma'aunin Rudolf Flesch na 1948, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lissafin shi ne 206.835, a debe 1.015 sau matsakaicin kalmomi a jimla, a debe 84.6 sau matsakaicin gaɓoɓi a kalma. Gaɓoɓi goma da suka ɓace a cikin kalmomi ɗari suna ɗaga sakamako da maki 8.46, alhali yawancin matakan ma'aunin maki goma-goma ne. Rubutu mai tsauri zai iya fitowa a matsayin mai sauƙi saboda 'yan kalmomin da aka tsallake.

Fitar da anagiram daga cikinsa

Ba don wannan aka yi CMUdict ba, amma shi ne hanya mafi sauƙi ta amsa tambaya irin ta farkon wannan bita, wato waɗanne kalmomi ne haruffansu ɗaya amma gaɓoɓinsu dabam. Kada a bi hanyar jujjuya haruffa ɗaya bayan ɗaya ana duba ƙamus. Haruffa biyar mabambanta suna da jeri 120, bakwai suna da 5,040, goma suna da 3,628,800. Hanyar da ta dace ita ce a jera haruffan kowace kalma bisa tsarin abacada, a mai da wannan jeri mabuɗi. *Aides*, *aside* da *ideas* duk za su koma ADEIS. Duk kalmomin da mabuɗinsu ya zo ɗaya 'yan gida ɗaya ne. Sau ɗaya ake ratsa fayil ɗin, kuma kwamfuta ta yau da kullum tana gamawa cikin ɗan lokaci kaɗan. 'Yan wasan Scrabble, wasan haɗa kalmomi da haruffa, su ma da irin wannan jeri suke haddace kalmomi: AEINRST, alal misali, yana ba da *retains* da *stainer* masu gaɓa biyu, da *nastier* da *retinas* masu uku.

Aikin duka yana wajen tsaftace fayil. A zubar da layukan sharhi da suka fara da waƙafi mai ruwa uku a jere. A zubar da shigarwar farko-farko da ke ba da sunayen alamomin rubutu. A cire lambar baka biyu daga jikin kalma kafin a yi mabuɗi, in ba haka ba furuci na biyu zai kafa gidansa shi kaɗai. A yanke shawara a kan waƙafin sama: in an goge shi kawai, *aide's* za ta rikiɗe ta zama *aides* ta ninka lissafi, don haka gara a fitar da irin waɗannan gaba ɗaya. In fayil ɗin 0.7b ya ƙi buɗuwa da tsarin adana haruffa na UTF-8, a buɗe shi da na Latin-1.

Babban ciwon kan shi ne sunaye. Ƙamus ɗin cike yake da sunayen mutane, na kamfanoni da na garuruwa, kuma a 0.7b komai da manyan baƙaƙe aka rubuta, don haka babu yadda za a bambanta suna da kalma. *Sadie*, sunan mace, ita ma ADEIS ce. Maganinsa shi ne a tace da wani jeri na kalmomin gama-gari, a riƙe abin da ya bayyana a duka biyun kawai. Bayan wannan tacewa sakamakon yana da daɗin dubawa: *tide* da *tied* ɗaya, *diet* da *edit* biyu, *binge* ɗaya, *being* da *begin* biyu, *crate* da *trace* ɗaya, *react* da *cater* biyu, *glean* ɗaya, *angel* da *angle* biyu, *reigns* ɗaya, *resign* da *singer* biyu. Akwai kuma gidajen da kowa tsawonsa ɗaya, kamar *listen*, *silent*, *enlist*, *tinsel* da *inlets*. A lura da bambancin rubutun Amurka da Ingila: *cinema*, *iceman* da *anemic* anagiram ne, amma da zarar an rubuta *anaemic* irin ta Ingila, A ɗaya ta ƙaru, ta fita daga gidan.

Internet Anagram Server

Hanyar mabuɗi kalma ɗaya take haɗawa da kalma ɗaya. In ana son jimla ta koma wata jimla, aikin ya fi haka nauyi, kuma a nan shafin Wordsmith.org, wanda Anu Garg ya kafa a 1994, yake da amfani. Taken da shafin ya yi wa kansa, *I, Rearrangement Servant*, anagiram ne na sunansa, haruffa 21 cif a kowane ɓangare. Ba ya buƙatar rajista, shafin ba shi da nauyi, kuma ba ya damuwa da tazara tsakanin kalmomi ko girman harafi.

Akwatin da ke shafin farko ya isa ga gajeruwar kalma. Da zarar haruffa sun haura goma sha biyu ko makamancin haka, sakamakon yakan yi yawan da ba mai iya karantawa, mafi yawansa tarkacen ƙananan kalmomi marasa ma'ana a haɗe. Wanda ya tsaya a nan zai ce shafin ba shi da amfani, kuma bai yi masa adalci ba. Ƙarfinsa yana shafin ƙarin zaɓuɓɓuka, inda ake iyakance yawan kalmomi a kowane sakamako, a sa mafi ƙarancin haruffa da mafi yawansu a kalma, a tilasta wata kalma ta fito, a hana wata, ko a nemi jerin duk kalmomin da za a iya cirowa daga haruffan. Akwai kuma zaɓin wasu harsuna, har da Faransanci da Jamusanci.

Tsarin aikin da ya fi ba da sakamako shi ne a fara da jerin kalmomin da za a iya cirowa, ba da anagiram ɗin kansu ba. A zaɓi kalma ɗaya mai alaƙa da ma'anar asali, a sa ta a gurbin dole, a iyakance sakamako ga kalmomi biyu ko uku, kowacce ba ta gaza haruffa uku ba. Da *dormitory*, in aka tilasta *room*, haruffa biyar suka rage, D, I, R, T, Y, ga *dirty room* ta fito. Da *astronomer*, *moon* ce mabuɗin da ke kai wa ga *moon starer*. In akwai harafi mai wuyar sha'ani kamar Q, J, X, Z ko V, a fara da kalmar da za ta cinye shi, domin shi ke toshe hanya a ƙarshe. A kuma duba rabon wasula da baƙaƙe bayan an cire kalmar farko: in ta kwashe wasula ta bar baƙaƙe shida da wasali ɗaya, da wuya sauran su haɗu, gara a sauya ta tun da wuri.

Abubuwa biyu ba ya yi. Bai san nahawu ko ma'ana ba, don haka jerin da kalmomi suka fito a kai ba lallai shi ne mai ma'ana ba, mutum ne zai sake tsara su. Kuma bai san komai game da furuci ba. *Eleven plus two* da *twelve plus one* haruffansu ɗaya, jimillarsu ɗaya, 13, amma ta farko gaɓa biyar ce, ta biyu uku. *Dormitory* huɗu ce a lafazin Amurka, *dirty room* uku. Mai son anagiram ɗin da zai zauna a cikin ɗangon waƙa ko take mai ƙayyadadden tsawo dole ya kwashe sakamakon ya kai wa CMUdict ya auna. Ga 'yan Scrabble kuma, jerin shafin ba shi ne na gasa ba. Kalmar da ya karɓa ba lallai alƙalin wasa ya karɓa ba, sai a tabbatar da ita a Collins Scrabble Words ko jerin Arewacin Amurka, gwargwadon wanda gasar ke bi, kuma Zyzzyva, manhajar tantance kalmomin Scrabble, ta fi dacewa da wannan aikin.

Duk anagiram ɗin da aka ƙera da hannu ko aka yi wa gyara bayan shafin ya bayar, a sake tantance shi kafin a buga. A rubuta ɓangarorin biyu, a riƙa soke harafi da takwaransa har su ƙare tare. Kuskuren da ya fi yawa a harafi mai maimaituwa yake, R uku a nan biyu a can, domin ido yana ganin harafin ya bayyana a ɓangarorin biyu sai ya gamsu bai ƙirga ba. A *astronomer* akwai O biyu da R biyu, kuma *moon* ce ke ɗauke O ɗin duka, *starer* ta ɗauke R ɗin duka.